Yadda ake zagayen tsofaffin abokai da mota mai ɗaki

Mu biyar ne muka yi zaman gida ɗaya lokacin karatu. Ranar da aka bugo mini waya aka ce ɗayanmu ya riga mu gidan gaskiya, sai na zauna na ƙirga, na tarar shekara 27 ke nan rabona da in haɗa ido da ko mutum ɗaya daga cikin ukun da suka rage. Muna gaisawa ta waya, muna tura wa juna hotunan jikoki, amma zumunci a ƙafa yake. Su ukun rayuwa ta watsa su a Turai, ɗaya a kudancin Jamus, ɗaya a arewacin Italiya, ɗaya can yammacin Faransa. Ni da uwargida muka yanke shawarar bin su gida-gida, muka ɗauki hayar irin motar nan da aka gina wa ɗaki a baya, gado da murhu da makewayi duk a ciki. Mutanen Ingila na ce mata motorhome, Amurkawa RV, Jamusawa Wohnmobil, Faransawa camping-car. Mako 4 muka yi, kilomita kusan 3,500. Daga baya mun sake irin tafiyar har sau biyu, kuma abin da na koya shi zan shimfiɗa wa mai niyya.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan mota shi ne ginshiƙin komai, don haka da shi zan fara. Mutumin da ka sani yana saurayi yanzu magidanci ne, da iyalinsa, da lokacin kwanciyarsa, da maganin da yake sha da safe. Wataƙila gidan nasa ɗaki biyu ne. Idan ka sauka masa da akwatuna, zai tashi yaro daga gado, uwargidansa ta shiga hidima tun asuba, kai kuma kana ta kaffa-kaffa kada ka takura. Idan ka zo da ɗakinka kuwa, a yi hira har dare ya raba, ka yi sallama, ka taka taku ashirin ka kwanta a shimfiɗarka. Abin da ya rage tsakaninku hira ce da ganin juna, wato ainihin abin da ya kawo ka.

Kada ka buɗe taswira tukuna. Ɗauki waya ka kira su ɗaya bayan ɗaya, da murya, wata uku ko huɗu kafin tafiya. Ka tambayi kowanne ranakun da zai samu sarari na gaske, ba ranar da zai tafi aiki ya bar ka zaune a mota ba. Ranakun nan su ne turakun tafiyar, sauran abubuwa a tsakaninsu za ka ɗaura. Ni kwana biyu nake ware wa kowane gida, in an matsa uku. Daren farko yakan tafi a "ina wane, ina wance", da dariyar abin da ya wuce. Sai a wuni na biyu mutum ke faɗa maka abin da ke ransa yanzu: ciwon da likita ya gano, ɗan da ya yi nisa da gida, tsoron ritaya. Wanda ya kwana ɗaya ya wuce, tsohon labari kawai ya ɗebo. Kuma kada ka jera gidaje biyu a jere. Ka bar kwana biyu ko uku a tsakani, kai da abokin tafiyarka kawai, ku ga gari, ku huta da magana. Ganin wanda aka daɗe ba a gani ba yana cin ƙarfin zuciya fiye da yadda ake zato, kuma aboki na biyu ya cancanci ka iso masa da sauran kuzari.

A wannan kiran ne za ka yi tambayar da mutane ke jin nauyin yi: ina zan ajiye motar? Abokina na Jamus cewa ya yi, "Haba mutumina, ai fili na nan, kai dai taho." Filin na nan kuwa, amma reshen bishiyar da ke bakin ƙofa ya sauko ƙasa da mita 3, ya fasa mana murfin tagar rufi. Shi ƙaramar mota yake shiga da ita kullum, bai taɓa ɗaga kai ya duba ba. Tun daga nan nake tura wa mai masauki lambobi uku, tsawon motar da faɗinta da tsayinta, in roƙe shi ya auna ƙofar da tef, ya ɗauko mini hoton mashigar daga titi har sama. In a bakin titi za a ajiye, ya binciko dokar garinsu, domin akwai wuraren da aka yarda ka ajiye mota amma ba a yarda ka kwana a ciki ba. Ya kuma gaya wa maƙwabta tun da wuri. Kai kwana biyu za ka yi ka tafi, shi ne zai ci gaba da zama da su.

Sai zaɓen mota. A wurin masu ba da haya ido yakan tafi kan babba, mai faffaɗan gado da wurin wanka na daban. Ka danne wannan sha'awar. Ga mutum biyu, mai tsawon mita 6 zuwa 6 da rabi ta isa, kuma ita ce za ta shiga lungun da abokinka yake. Akwai kuma batun lasisi: a ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila, lasisin ƙaramar mota, ajin B, ya tsaya a kilo 3,500. Abin da ya haura haka zuwa 7,500 sai mai ajin C1. A Amurka yawancin jihohi suna barin mai lasisin yau da kullum ya tuƙa har mai nauyin fam 26,000, shi ya sa za ka ga nasu kamar bas. Ka ƙirga bel ɗin kujeru, kada ka ƙirga gadaje, domin akwai motar da ke kwanar da mutum shida amma bel huɗu gare ta, kuma ba a zama a gado ko a tsaya a murhu mota na tafiya. Tsayi ma yana shiga aljihu: a manyan hanyoyin Faransa da ake biya, mota mai ƙasa da mita 3 tana aji na biyu, wadda ta kai mita 3 ko ta haura kilo 3,500 ta faɗa aji na uku mai tsada.

Nauyi shi ne abin da sabon shiga ba ya tunawa, kuma shi ne ya fi hatsari. A takardun motar akwai lambobi biyu, nauyinta a shirye da iyakar da doka ta yarda ta ɗauka. A Turai lambar farko ta riga ta haɗa da direba mai kilo 75 da tankin mai kusan cike. Tamu ta farko 3,050 ce, iyakarta 3,500, wato kilo 450 ne rabonmu. Da jin lambar sai ka ce ai da yawa. To cire nauyin abokin tafiya. Cire ruwa, kowace lita kilo ɗaya ce cif, tankin lita 100 kilo 100 ke nan. Tukunyar gas ta ƙarfe mai cin kilo 11, idan tana cike ta haura kilo 20. Ga kekuna biyu, ga kujerun zama a waje, ga kayan girki, ga tufafi, ga tsarabar gidaje uku. Da muka hau sikelin manyan motoci a rana ta farko, 3,560 ya nuna. Muka zubar da ruwa muka bar lita 20, muka sauko ƙasa da iyaka. Mota mai nauyin da ya wuce kima birkinta ba ya kamawa da wuri, tayoyinta na yin zafi, ana cin tara, kuma in aka yi hatsari kamfanin inshora na iya kafa hujja da shi. Ka nemi sikeli ka auna bayan ka gama lodi, kowa na zaune a kujerarsa. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Akwatunan sama na tufafi ne da tawul.

Ranar karɓar mota kada ka yi gaggawa, ka ware awa biyu. Duk abin da ma'aikacin ya nuna maka, ka sa hannu ka yi da kanka a gabansa: kunna gas, sauya firij daga lantarki zuwa gas, zaro tankin makewayi, buɗe magudanar ruwan wanke-wanke. Ka ɗauki bidiyon bayanin da wayarka, domin a dare na uku cikin ruwan sama ba za ka tuna wane maɓalli ne na injin ɗumama ɗaki ba. Ka zagaye jikin motar da hoto, har rufi. Ka tambayi nawa ne kasonka idan aka yi ɓarna, da ƙasashen da inshorar ta shafa, da ko akwai iyakar kilomita. In motarka ce ko ta aro, duba shekarun tayoyi: a gefen kowace akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Irin waɗannan motoci sun fi zama a ajiye, zanen tayar na nan kamar sabo alhali robar ta tsufa ta fara tsagewa.

Kafin ka tayar da inji, rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ka manna inda idonka zai riƙa gani. In za ka shiga ƙasar da ke awo da ƙafa, rubuta da shi ma: mita 3 ƙafa 9 ce da inci 10. Manhajar taswirar da ke wayarka ta ɗauka ƙaramar mota kake ja, za ta iya kai ka ƙarƙashin gadar da ba ka wucewa, don haka allon gefen hanya ya fi ta gaskiya. Tuƙin kansa ba wuya, kwana ɗaya hannu ya saba, sai dai abubuwa uku. Na farko, gindin motar ya zarce tayoyin baya da mita ɗaya da wani abu, idan ka karya sitiyari hagu shi dama yake fita, a nan ake kwashe turakun gidan mai. Ka shiga kwana a buɗe, ido na madubi. Na biyu, ribas. Ko akwai kyamara, abokin tafiya ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun kafin a fara, kuma da zarar ya ɓace maka ka taka birki. Uwargida ba ta ɗaga murya, hannu ɗaya take ɗagawa, ni kuma ba na musu da hannun nan. Na uku, gangare. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, inji ya riƙe motar. Ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ka sake, kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa, in ya yi zafi zai daina kamawa. Mun tsallaka tsaunukan Alps ta mashigar Brenner mai tsayin mita 1,370, babbar hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Mashigar Stelvio kuwa, mai mita 2,757 da lanƙwasa 48 a ɓangare ɗaya, na bar wa masu babur da ƙananan motoci, kuma shawarar da zan ba sabon direba ke nan.

Masu irin wannan tafiya a Amurka suna da ƙa'idar uku-uku-uku: kada a wuce mil 300 a rana, a isa masauki kafin ƙarfe 3 na yamma, a kwana 3. Ni mil 300, wato kusan kilomita 480, ya yi mini yawa. Kilomita 250 nake tsayawa, da hutun minti 15 duk bayan awa biyu. In manhaja ta ce awa uku, ka sa huɗu a ranka. Isa da rana kuwa ba na wasa da shi, musamman ranar da zan sauka gidan aboki. Shiga baƙuwar ƙofa da ribas cikin duhu, ga gajiya, ga mutane sun fito tarba, hanya ce ta fara ziyara da ɓacin rai.

Yanzu ga rayuwar cikin ɗakin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan komai ƙididdigagge ne. Tanki uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na makewayi. Na makewayin a motocin Turai ɗan akwati ne da ake zarowa ta waje, bai kai lita 20 ba, mutum biyu kwana biyu zuwa uku ya cika. Shi ne ke tsara maka tafiya fiye da tankin mai. Ana juye shi ne kawai a wurin da aka tanada, a sansanonin kwana ko tashoshin hidimar irin waɗannan motoci. Ba a kwata ba, ba a gindin bishiya ba. Ka sa safar hannu, ka danna maɓallin iska yayin juyewa don kada ya fantsamo, ka ɗauraye sau biyu, ka zuba maganinsa da ruwa kaɗan. Tiyon da ke rataye a wurin juyewar na ɗauraya ne, kada ya kusanci tankin ruwan sha. Ka riƙe naka tiyon daban a jakarsa. Ƙa'idata ita ce in isa gidan aboki tankin tsabta a cike, sauran biyun babu komai, don kada in roƙe shi abin da zai ji nauyin hana ni.

Lantarki iri biyu ne. Akwai batirin ɗaki mai volt 12, daban da na inji, shi ke ba fitilu da famfo wuta. In na gargajiya ne mai dalma, rabinsa kawai ake ci, wanda aka rubuta ƙarfin cajinsa 100 ka ɗauka 50 gare ka, in kana zuƙe shi ƙasa da haka zai mutu da wuri. Na litiyam ya fi juriya, amma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara. Sai wutar da ake jonawa daga waje, volt 230 a Turai. Lissafin mai sauƙi ne, volt sau amfiya shi ne wat. Sansanin da ke ba da amfiya 6 wat 1,380 ya ba ka, butar lantarki ta gida kuwa ita kaɗai tana cin 2,000 ko fiye. A gidan abokina na Italiya na jona waya a soket ɗin gareji, na kunna buta alhali firij da injin ɗumama ruwa na kan lantarki, wutar rabin gidan ta ɗauke ana tsakiyar hira. Tun daga nan in na jona a gidan mutum, cajin batir da firij kawai nake bari a kai, sauran a gas. Ka warware wayar gaba ɗaya daga kan abin naɗinta, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi. Janareta kuma ba a kunna shi a unguwar mutane.

Gas shi ne inda ba a sakaci ko kaɗan. Ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, shi ya sa akwai ƙananan ramuka a daɓen akwatin tukunyar. Kada ka toshe su da kaya. Ka tabbatar akwai ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid, ka gwada su da hannunka, domin iskar nan ba ta da wari ko launi, a barci take kashewa. Kada a taɓa ɗumama ɗaki da murhun girki. A rufe tukunya kafin a tashi, sai fa in motar na da na'urar da ke datse gas idan an yi karo, kuma a gidan mai ko a jirgin ruwa kowace wuta a kashe take, har ta firij. In tafiyar ta sanyi ce, nemi irin gas ɗin da ake kira furofen, domin ɗaya irin, wato butan, yana daina tashi idan sanyi ya kusa sifili. Kan tukunyar gas ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa a Turai, ta Jamus ba lallai a canza maka ita a Faransa ba, don haka ka tashi da biyu cike. Firij mai aiki da gas yana son mota a daidaice. Ka ajiye ɗan ma'aunin magina a kan tebur, ka hau katakan daidaitawa har kumfar ta zo tsakiya. Barcinka ma zai fi daɗi.

Idan ka sauka gidan aboki, ka bar motar ta zama wurin kwana kawai. Kada ka riƙa zamewa kana komawa ciki da rana, mai gida zai ɗauka wani abu ya ɓata maka. Ka tambayi lokacin tashinsu da na kwanciyarsu ka bi. Abin da na ga yana faranta wa kowa rai shi ne a dare na biyu mu ce yau mu ne masu masauki. Mu shimfiɗa tebur a cikin motar ko a gefenta, uwargida da ni mu yi girkin, su su zo a matsayin baƙi. Abokina na Faransa, wanda matarsa ta rasu shekara biyu kafin zuwanmu, ya zauna a kujerar direba da aka juyo da ita ta fuskanci tebur, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Mutumina, rabon da wani ya girka ya kira ni har na manta." Mun kai ƙarfe biyu na dare a wurin. Na zo da tsofaffin hotunanmu da na wanke, kowane gida na bar masa nasa, har da na marigayin. Ka zo da irin wannan, ya fi kowace tsaraba ta kanti. Kuma ka shirya wa cewa wani ya canza. Ɗaya daga cikin ukun ra'ayinmu ya yi hannun riga a abubuwa da yawa. Na saurare shi, ban zo gyara shi cikin kwana biyu ba, muka rabu da alkawarin sake haɗuwa, kuma mun cika. Ranar tafiya ka tafi a ranar da ka ce, ko an roƙe ka ka ƙara. Baƙo raɓa ne, gara a rabu ana marmari.

Ganin wurare kuwa, ƙa'ida ɗaya ta isa: motar ta tsaya a wajen gari, kai ka shiga da ƙafa, ko keke, ko bas. Tsofaffin biranen Turai an gina su kafin mota. A Italiya tsakiyar garuruwa da yawa na da yankin da ake kira ZTL, kyamara na ɗaukar lambar duk wanda ya shiga ba izini, takardar tara ta biyo shi bayan watanni. Biranen Jamus da dama sai mota mai koren tambari a gilashi. Ostiriya da Suwizalan suna son ka sayi izinin hawa babbar hanya kafin ka hau. Manyan wuraren yawon buɗe ido sun riga sun tsara wa irinmu. A fadar Neuschwanstein ta kudancin Jamus, wadda Sarki Ludwig na Biyu ya fara ginawa a 1869, a ƙauyen Hohenschwangau ake ajiye mota a hau tudun da ƙafa, tafiyar minti 30 zuwa 40, kuma tikitin na da lokacinsa, in ka makara ya wuce ka. A Mont-Saint-Michel, wani ɗan tsibiri a gaɓar tekun Faransa, filin ajiye motoci na kan tudu, kimanin kilomita 2 da rabi daga tsibirin, bas ke kai mutane ta gadar da aka buɗe a 2014. Mun kwana kusa, muka taka da ƙafa da sassafe kafin motocin 'yan yawo su iso, hazo na tashi daga yashi, ginin na fitowa kaɗan-kaɗan. Wannan ita ce babbar ribar kwana a mota, kana wurin a sa'ar da babu kowa. A Amurka ma tsawon mota na rufe maka hanya: a gandun Glacier, tsakiyar hanyar Going-to-the-Sun ba a barin abin hawan da ya wuce ƙafa 21. A Yellowstone, gandun da aka kafa tun 1872, wuraren kwana na cika watanni kafin bazara, kuma doka ce a bar yadi 25 tsakaninka da ɓauna, yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci.

Wuri ɗaya babba a rana ya isa. Kuma da ɗan gari akan ci gari: ka tambayi abokinka inda shi yake zuwa idan ransa ya ɓaci. Na Jamus ya kai mu bakin wani ƙaramin tafki da ba ya cikin kowane littafin yawo, a nan ne ma ya ba ni labarin rashin lafiyarsa.

Wurin kwana a ranakun da ba ka gidan kowa iri-iri ne. Akwai cikakken sansani mai wuta da wurin wanka da injin wanki, wanda nake shiga duk bayan kwana uku ko huɗu. Akwai filayen da garuruwa ke warewa, Jamusawa na ce musu Stellplatz, Faransawa aire, sau da yawa kusa da tsakiyar gari, da wurin ɗibar ruwa da juye tanki, amma na ajiye mota ne, ba a baza kujeru da rumfa. A Faransa akwai tsarin France Passion, inda manoma ke barin mamba ya kwana ɗaya a gonarsu in motarsa na da komai nata. A yammacin Amurka filayen gwamnatin tarayya da yawa ana kwana kyauta har kwana 14. Manhajar park4night na nuna wurare da ra'ayin waɗanda suka kwana, amma ka riƙe wuri na biyu a ranka koyaushe. Ba na kwana a wuraren hutawa na gefen manyan hanyoyi. In wuri bai kwanta wa ɗayanmu a rai ba, ba ma tattaunawa, tashi muke. Ina ajiye motar tana fuskantar mafita, makulli a wuri ɗaya kullum, kujerar direba ba kaya a kai. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce, kuma mai shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, da bizar ziyara ya tuna kwana 90 gare shi cikin kowane 180.

Kowace safiya kafin tashi, zagaye ɗaya a waje, ɗaya a ciki, mutum ɗaya na yi ɗayan na dubawa. An cire wayar lantarki, an rufe gas, an sauke tagogin rufi, an maida matakala, an kwashe katakan ƙarƙashin taya, an kulle firij da kowace durowa, ba abin da ya rage a kan tebur. Kofin da aka manta a kan kantar girki, a birki na farko zai tashi ya nufo gaba. A gidan aboki ka yi wannan zagayen tun kafin a fara sallama, domin da zarar an fara rungume-rungume da "sai yaushe kuma", hankali ya bar kan waya da matakala.

Daren ƙarshe ka kwana kusa da inda za ka maida motar, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba. Da safe ka juye tankunan biyu ka ɗauraye na makewayi sosai, domin masu haya na cajin kuɗi mai yawa a kansa. Ka cika mai a gidan mai mafi kusa ka riƙe rasit, ka share ciki, ka duba ƙarƙashin katifa da aljihun ƙofofi, a nan caja da tabarau ke maƙalewa. Ka sake ɗaukar hoton jikin motar ta kowane gefe a gaban ma'aikacin, ka nuna masa duk abin da ya lalace da bakinka kafin ya gano, ya sa hannu a takardar karɓa, ka riƙe kwafinka har kuɗin ajiyarka ya dawo.